Babban Yatsan Maame

"Goge wannan dattin kafin duniya ta gani," in ji uwar, tana nuna fuskar kwamfuta da haɓa.

'Yarta ce ta buɗe mata shafi a intanet, saboda takardun da uwar take yi da kututturen agade a bayan gidansu a Kumasi. Duk adon shafin aikin hannun uwar ne, daga bangon mai ruwan ƙasa har yankakkun furannin da suka kewaye shi. Amma can sama ga shatin babban yatsanta ya yi faifai guda, wanda ke fita a kusurwar kowace takarda in ta ɗago ta daga rariya da danshinta.

"Maame, ai shi ne tambarinmu."

"Tambarin gidanku! A banki na dangwala, a makarantarku na dangwala, iyayen wasu na sa hannu da biro ina sunkuyar da kai. Shi ne za ki tallata ni?"

Sai 'yar ta karanto mata saƙon wata mata daga Takoradi mai neman katin bikin ɗanta. Matar ta ce ta sayi irin takardar a kasuwa, ta ga kusurwa ba yatsa, ta mayar. Ta mai yatsan take so.

Uwar ta ja tsaki, ta koma dakan fufu.

Washegari da ta ɗago takardar farko, ba ta lallaɓa ta kamar kullum ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta danna yatsan da ƙarfi, sai da kowane layi ya fito.