Rumfar Baduku

Ajiye wayar nan tukuna, maigidan, ka ba ni kunnenka. Ba guduwa za ta yi ba.

An yi wani magidanci kamarka, sana'arsa tallan kayan mutane a waya. Ba shi da rumfa, ba shi da tire; hoton hajarka zai ɗauka ya ɗora a shafinsa, mutane su gani su saya, a ba shi la'adarsa. Kuma ya iya, ban da ƙarya. Ya san lokacin da ake ɗora hoto ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ya san kalmomin da zai jera ta yadda duk wanda ya nemi takalmin fata a wurin bincike na intanet, shafinsa ne zai fara faɗo masa. To, yana da kawu baduku, mai rumfa a bakin layin dukawa, wadda ya gada daga ubansa, har ba a kwatance a kasuwar sai da ita. Da mai talla ya fara ɗora takalman kawun, ciniki ya buɗe, ana aiko saƙo daga garuruwan da tsohon bai taɓa takawa ba. Sai mai talla ya shiga zuga shi, wai zaman kasuwa wahala ce, ga rana ga haraji, ya koma zaure ya yi ta ɗinki, shi zai kawo masa masu saye har gida. Tsoho ya ce ai rumfa ba ta cin tuwo, a bar ta mana. Mai talla ya nuna masa yawan mabiyansa, ya ce kasuwar nan ko ranar cinta ba ta tara rabin wannan. Da naci da magiya, baduku ya mayar wa sarkin kasuwa rumfa, ya kwashe wuƙaƙensa da basilla ya koma gida.

Ana nan ana nan, sai masu dandalin da shafinsa yake kai suka sauya tsari. Ba su shawarci kowa ba, don gidansu ne. Aka wayi gari hoto ya daina tafiya, sai gajeren bidiyo ake turawa gaban jama'a, shi ma na wanda ya biya ko ya iya ba da dariya. Wurin binciken da ke turo masu saye kuwa ya koma ba da amsa da kansa, mutum ya karanta ya wuce bai leƙa shafin kowa ba. Mai talla ya ɗora takalmi, shiru. Ya sake ɗorawa, shiru. Mabiya na nan a rubuce, ko ɗaya bai ragu ba, amma kamar an kulle su a ɗaki an tafi da makulli. Sai a lokacin ya tuna bai san ƙofar gidan ko mutum ɗaya a cikinsu ba, bai riƙe lambar kowa ba. Hankalinsa ya tashi. Waya na yin ƙara zai yi wuf ya duba, ya tarar saƙon kamfanin layi ne. Ya bi masu cewa sun gano sabon sirrin: wannan ya ce ɗora da safe, wancan ya ce sai an ga fuska. Har ya sa kawunsa, dattijo mai furfura, ya ɗaga takalmi yana yaƙe a gaban waya, abin da bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi. Tsohon ya daure ya yi, don ɗan 'yar'uwa ne. Bidiyon ko ƙofar gida bai wuce ba. Takalma suka taru a zaure har babu wurin shimfiɗa buzu. Mai talla ya koma zagayawa ta bayan layi don kada ya bi ta ƙofar kawu. Shi kuwa kawun bai taɓa tuhumarsa ba, in sun haɗu a masallaci sai dai ya ce masa ya aiki, wannan kuwa ta fi zagi ciwo.

Da abin ya ishe shi, ranar kasuwa ya tafi neman a mayar musu da rumfa. Tun daga nesa ya hango ta cike da mutane. Wani baƙo ne a ciki, shi ma takalma yake sayarwa. Mai talla yana tsaye wata mata ta zo tana tambaya ko nan ce rumfar Baduku, inda ubanta yake saye. Baƙon ya ce, "Nan ce, Hajiya, zauna a gwada miki." Kuma bai yi ƙarya ba, haka sunanta yake. Da aka je wurin sarkin kasuwa, ya ce shi ba ya tayar da wanda ya zaunar. Mai talla ya jawo ƙafa ya dawo zaure, ya durƙusa, ya faɗa wa kawu duk abin da ya gano. Tsohon bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba.

"Na sani, ɗana. Ni mutanena ƙafarsu ta san hanyar rumfa. Naka fa, hanyar ina suka sani?"

Da kasuwa ta zagayo, baduku ya ɗaure takalma a buhu, ɗan 'yar'uwarsa ya ɗauka a ka. Suka shimfiɗa leda a ƙasa can gefen masu dankali, rana na dukansu, suna hango rumfarsu wani na ciniki a inuwarta.

Shi ya sa na gaba suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.