Zuciyar da Kumfa Ta Ƙi Shiga

"Wannan zuciya ce ko tsumma?" Likita Halvorsen ya nuna hoton da ke allo yana yatsina fuska.

Taron safe muke yi a asibitinmu na Winnipeg, inda ake haska hotuna ba suna, kowa ya faɗi abin da ya gani. An ɗura wa mai zuciyar ƙananan kumfa ta jijiya, duk inda jini ya kai su sai wurin ya yi haske a na'ura. Gefe guda kuwa baƙi ƙirin.

"Ku duba, ko kumfa ta ƙi shiga nan," in ji shi. "Malalatan nan ne, ba abin da suka iya sai ci da miƙe ƙafa gaban talabijin. Sai sun ruɓe su zo su ɓata mana lokaci."

Halinsa ke nan. Tunda yake gudun motsa jiki kowace safiya, kowa a idonsa buhun kitse ne.

Ya juyo gare ni. "Likita Tremblay, wane sakarai ne wannan?"

Na ce, "Ka tuna jiya, da ka tuɓe riga ka ce a gwada sabuwar na'urar a kan lafiyayyar zuciya?"

Sai ya fara laluben kujera.