Almakashi a Jikin Dutse

Bari in ba ka misalin wani ma'aikacin gandun daji, sai ka auna da kanka.

Can cikin hamada, a wani gandu da gwamnati ta killace, akwai wani dutsen yashi tsaye shi kaɗai kamar hasumiya. Ja ne wur, iska ta sassaƙe masa ƙugu har ya koma kamar ƙaton turmi. Ta gefensa hanyar arewa ta bi, wadda manyan motoci ke bi da 'yan ci-rani. Nan aka turo wani saurayi aiki, bai daɗe da gama karatu ba, ga takarda ga ɗoki. Ranar da ya iso ya zagaya dutsen, ransa ya ɓaci. Ko'ina an kakkarce shi: sunaye da boko, sunaye da ajami, zanen tafin hannu, zanen takalmi. Dutsen da ya riga kakan kowa zuwa duniya, ga shi 'yan hanya sun mai da shi allon wasa! Bai tsaya tambayar kowa ba. Ya samo magogi mai kaushi da bokitin ruwa, ya duƙufa. Shi dutsen yashi ba shi da gardama, kana gogawa yana zubowa kamar gari. Kwana tara ya yi yana abu ɗaya, iyakar inda hannunsa ke kaiwa in ya yi ɗage, har jikin dutsen ya yi sumul. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ji daɗi har cikin ransa.

Ba a yi wata ba, ran nan da hantsi wata mota ta tsaya, aka sauko da wata tsohuwa da ɗan ƙunshinta. Ita ba arewa za ta ba, nan ɗin ta nufo. Ɗanta ne ya tafi ci-rani, wata bakwai ke nan shiru. A makon da ya tafi, wata mota ta mutu a hanya tun kafin ta kai dutsen, ƙishirwa ta gama da na cikinta. Wasu sun ce yana ciki, wasu sun ce a ta gaba ya shiga. Dangi sun gaji da jira, sun ce a yi sadaka, matarsa ta shiga takaba. To, sai wani direba ya gaya mata cewa duk wanda ya kai dutsen da ransa yakan bar alama, don na gida su san ya tsallake mugun wurin. Shi ne ta ɗaura zane ta yi kwana uku a bayan mota.

Saurayin na jin haka, ya tuna abin da ya goge. Ya tambaye ta sunan ɗan. Ta kau da kai, ta gyara mayafi. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba kuma yau za ta fara ba.

Ta ce, "Tela ne, ɗan nan. Duk inda ya zauna sai ya zana almakashi. Ko bangon ɗakina bai bari ba."

Suka zagaya dutsen a hankali, tana shafa shi da tafin hannu kamar mai lalube a ɗaki. Sumul, ba ko ɗigo. Suka sake zagayawa. Shi dai yana biye da ita. Can ta tsaya ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ka yi haƙuri, kai gajere ne. Nawa sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ɗaga kai."

Ya ruga ya ɗauko bokitin nan, ya kife shi, ya hau. Sama da inda gugarsa ta tsaya, tsofaffin zane na nan jefi-jefi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana sauka yana jan bokiti, rana na dukan ƙeyarsa. Sai a fuskar gabas ya gan su: zobba biyu manne da juna, mariƙin almakashi. Bakin kuwa babu, gugar da ya yi ce ta cinye shi. Idon tsohuwar ba ya kaiwa can, don haka ya sauko ya zana mata a kan rairayi abin da ya gani.

"Ɗaya ya fi ɗaya girma?"

"Ya fi, Inna."

"Shi ne."

Ta zauna nan a inuwar dutsen, hawaye na bin kuncinta, bakinta na ta hamdala. Ba takaba, ba sadaka, za a ci gaba da jira. Da ta natsu, ta shiga sa masa albarka, wai shi ne mai tsare musu 'ya'yansu. Wannan kam ya kasa ɗauka. Ya durƙusa ya gaya mata abin da ya yi, bai rage komai ba.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ɗora hannu a kansa, yadda uwa ke yi wa nata.

"Ba mugunta ka yi ba, ɗan nan, gyara ka zo yi. Sai dai akwai wata maƙwabciyata, ita ma tana shirin zuwa. Nata kuwa gajere ne, kamarka."

Da la'asar motar kudu ta zo ta ɗauke ta. Ta bar shi tsaye da dutsensa mai tsabta, yana kallon aikin kwana tara, ba abin da zai iya mayarwa.

Ka ga, ga ilimi ga kyakkyawar niyya, abu ɗaya ne bai sani ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani ya fi dare duhu.