Jiniyar Birchi

"Ɓarayin daji sun shigo," Inna ta raɗa mata a waya daga Birchi. "Kina jin baburansu?"

Ita kuwa 'yar tana zaune a ɗakin ɗalibai a Dutsin-Ma, linzamin kwamfuta a hannu, tana jan layin ƙarshe na zanen allon lantarki na jiniyar gargaɗin da ta yi wa ƙauyensu alkawari.

"Inna, ina Baba?"

Numfashin tsohuwar kawai ke fitowa daga wayar.

'Yar ba ta san sadda ta saki linzamin ba. Yatsunta suka koma kan maballan nan biyu da kullum ke janye mata kuskure. Tana dannawa, layukan suna gogewa ɗaya bayan ɗaya, har zanen ya ɓace tas.

A wayar kuwa, baburan ba su ja da baya ba.