Kunnen Madam Perrin

Da ƙarfe bakwai na safiyar Talata Ezekiel Ɗanyaro ya hau jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, sanye da kwat ɗin ranar aurensa. Matarsa Rose ce ta goge ta, ita ce kuma ta hana shi manna hotonsa a takardar neman aikin. A Faransa haka ake yi, kowa da hotonsa. Sau goma sha ɗaya ya manna nasa, sau goma sha ɗaya ana ba shi haƙuri. A na sha biyu da babu hoto, sai ga kira.

Shekara shida ya koyar da Turanci a Zariya kafin ya zo ƙaro karatu a Saint-Denis, kusa da Paris. Yanzu karatu ya ƙare, takardar zamansa saura mata wata biyu, kuma ba za a sabunta ta ba sai da aiki na dindindin. Ɗan aikin da yake yi daga ɗakinsu a Stains, nan gefen Paris, na awa-awa ne, ba ya fitar da takarda, ga dokoki kamar barikin soja. Ita kuwa wannan makarantar ta Lyon, tun kafin ta fitar da sanarwa ya san malaminta ɗaya ya tafi.

Shugabar makarantar, Madam Perrin, ta fito ɗakin jira da fara'arta ta kira sunansa tana duban bayansa, inda babu kowa sai tukunyar fure. Da ya miƙe, fara'ar ta ragu, amma dai ta daure ta ba shi hannu.

A kan teburinta akwai hoton wata ƙatuwar kyanwa. Saura kaɗan ya tambayi yadda ƙafar kyanwar ta kwana, ya haɗiye maganar.

Da Faransanci ta yi ta tambayoyinta, idonta na kan tagar ofis. Can ta miƙo masa wani littafi ta ce ya karanta. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba ta ɗaga hannu. Ta ce takardunsa ba su da laifi, ita kuma Allah ya sani ba ta da ƙabilanci, tana ma da maƙwabciya 'yar Senegal. Matsalar harshe ce. Ɗalibanta suna son Turancin asali, shi kuwa ana jin Afirka a bakinsa.

Ta taɓa kunnenta da biro. "Wannan ba ya yi mini ƙarya, Malam Ɗanyaro. Shekara biyu ina ɗaukar darasi wajen wani Bature ɗan Landan. Daga kalma ɗaya nake gane na asali."

Don ta nuna masa, ta ɗauki jimlar da ya karanta ta maimaita a hankali. Ta furta ta daidai kuwa, yadda shi ma ya furta ta yanzun nan. Abin mamaki, a cikin baƙin cikin da ya cika masa ciki, sai da ya ji wani ɗan daɗi. Wata uku cur jimla irin wannan tana gagarar ta.

Magana ɗaya ta zo masa har bakin leɓe. Ya tuna takardar riƙe sirri da ya sa wa hannu a ɗan aikinsa, ya tuna in ya faɗa sai ya tashi a tutar babu, ba wannan ba wancan. Ya yi godiya ya fito. A ƙofa ya yi karo da wanda za a gani bayansa, wani saurayi mai farin gashi da wandon jins, ɗan Holan, da ya ce bara a mashaya yake aiki. Tun daga bakin ƙofa ya ji Madam tana yaba Turancinsa.

Bai kira Rose ba, don bai san da bakin da zai gaya mata ba. Ya gangara bakin kogi ya sami benci inda ba hayaniyar motoci, ya sassauta laktayar wuyansa, ya zauna yana duba agogo. Ransa a ɓace yake ƙwarai, amma aiki ba ruwansa da ɓacin rai.

Ƙarfe huɗu daidai ya sa abin ji a kunne, ya bi ta layin kamfanin koyar da Turanci ta waya da yake yi wa ɗan aikin nan, wanda ya raɗa masa suna Mista Edward ya kuma ba shi unguwa a Landan. Ya gyara murya, ita ce dai ta ɗazu, ba ƙari ba ragi. Aka ɗauka.

"Edward," in ji Madam Perrin cikin Turancin da ya koya mata, "bari kunnena ya huta da muryarka, yau wani ɗan Afirka ya zo neman aiki, da ka ji abin da yake kira Turanci."