Sawun da Ke Bin Malama

Ranar Litinin Malama ta fara ganin sawun, tana dawowa daga makaranta.

Makarantar tana bayan dutse. Ɗalibai ta ɗaya gefen suke zuwa, don haka siririyar hanyar da ta ratsa cikin itatuwa ta zama tata ita kaɗai. Sawun kekenta kuwa ta san shi sarai: manyan haƙora irin na keken hawa dutse, waɗanda take kallo kullum a tayar gabanta. To yau ga wani sawu mai ƙananan zane kwance a kan nata na safe, ya taka shi, ya bi shi har ƙofar makaranta.

Ta ce wa kanta mai wucewa ne. Talata ma haka ta ce.

Laraba ta yi gwaji. Da safe ta bar hanya da gangan, ta kewaye wata tsohuwar bishiya, ta tsaya, ta leƙa tsakanin itatuwa. Ba kowa sai kukan tsuntsu. Da yamma ta tarar sawun ya kewaye bishiyar shi ma, ya tsaya daidai inda ta tsaya.

Nan take ta ciro waya. Ta ɗauki hotonsa, ta haye keke, jakunkunan littattafai biyu da ke rataye a baya suna ta jijjiga. Ba ta taɓa sanin tana da gudu haka ba. Duk makon nan da wuri take isa gida, ta ce ashe tsoro ma ƙafa ne da shi.

Kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Baba bai so aikin nan ba tun farko. "'Ya mace ita kaɗai a daji?" Abin da ya ce ke nan, ya ja bakinsa ya ɗinke. Wata uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su. In ta shigo, a bakin ƙofa take samunsa, ya dubi agogo, ya dube ta, ya shige ɗaki. In labarin sawun nan ya kai kunnensa, aiki ya ƙare, aikin da ta yi shekara biyu tana nema.

Alhamis ta sa almakashi a aljihu. Ƙadangare ya motsa a busasshen ganye, saura kaɗan ta faɗi. Ana tashi daga makaranta ba ta nufi gida ba, sai shagon mai gyaran keke.

Tsohon yana zaune cikin tayoyi da sarƙoƙi, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Kawu, taya nake so, wadda ta fi kowace gudu."

Ya ɗago kai. "Wata kuma? 'Yata, gasar tsere za ki shiga?"

Ba ta yi dariya ba. Ta waiga titi, ta rage murya. "Wani ne ke bi na. Kwana huɗu ke nan. Ko ka san mai irin wannan?" Ta miƙa masa waya. "Don Allah kada Baba ya ji."

Ya ƙura wa hoton ido. Ta ga alama ya gane, wannan kuwa ya fi komai ba ta tsoro.

"Na san ta," ya ce a hankali. "Tayar rani ce. In ƙasa ta bushe, ƙananan haƙora sun fi sulɓi. Guda ɗaya na sayar bana."

"Wa ka sayar wa?" in ji ta.

Ya miƙe, ya goge hannu, ya kewayo bayanta. Ta damƙe almakashin cikin aljihu.

"Mu a ƙafar baya kawai muke saka irinta," in ji shi. "Ta gaba mukan bar mai manyan haƙora, don kada kwana ta kayar da mutum."

Ya sunkuya ya ɗage jakunkunan littattafan.

"Tayarki ta baya ce ke bin ki, Malama. Ran Asabar da ba kya nan Babanki ya turo keken nan da ƙafa, ya ce in saka miki wadda za ta riƙa dawo masa da ke gida da wuri, kuma kada ki ji."