Ranar Yaye Ɗaliban Dokta Fakhruddeen

Tun kafin a fara jarrabawar an riga an buga satifiket ɗin, guda goma sha huɗu, kowanne da hatimi mai ruwan gwal. Ba a taɓa faɗuwa a makarantar Dokta Fakhruddeen ba.

Makarantar ɗaki biyu ce a saman wani shagon tayil a Madalla. A mako uku take mayar da mutum ƙwararren mai gano cuta da lantarki. Kayan aikin akwati ne kamar rediyo, da sandar ƙarfe da majinyaci ke riƙewa, da wani tsinke mai kama da biro da ake dannawa a yatsun hannu ko na ƙafa. Kowane yatsa da abin da yake wakilta: wannan hanta, wannan ƙoda, wancan zuciya. Idan kibiyar akwatin ta tsaya a hamsin, lafiya lau. Idan ta wuce, kumburi ne. Ɗalibai sun lura cewa iya ƙarfin dannawarka iya tafiyar kibiyar, amma Dokta ya ce wannan shi ake kira ƙwarewa.

Ba wanda ya san inda ya yi karatun likita. A bango dai akwai hotonsa da wani ɗan China, a wurin da ya yi kama da filin jirgi.

Muhsina ce ta ɗaya a ajin. Ta ajiye aikinta na shagon magani a unguwar Magajiya ta zo, saboda mahaifiyarta mai ciwon suga da ta gaji da allura safe da yamma. Dokta ya yi mata alkawari: da ta karɓi satifiket, ita da kanta za ta auna Inna, kuma daga ranar an yi sallama da asibiti.

Sauran abu ɗaya, majinyacin gwaji. Dokta ya sa aka shelanta awo kyauta, amma mutum ɗaya ne kawai ya hau benen. Dattijo ne ramamme, Malam Abdulsalami, tsohon direban motar haya ta Suleja zuwa Abuja. Ya daɗe yana hawowa, matakala ɗaya bayan ɗaya, yana dafa bango. Da ya zauna sai ya ƙura wa Dokta ido, kamar mai jiran a ce masa wani abu. Dokta ya yi masa murmushin da yake yi wa kowa.

"Baba, me ke damunka?"

"Ƙafar nan ta hagu. Tun bara ba na jin ta."

Ya sunkuya ya zare takalmin da hannu biyu, ya bar safar. Muhsina ta miƙa hannu za ta cire, Dokta ya tsayar da ita. Wannan na'ura, in ji shi, ko ta saman bargo karantawa take yi. Ɗalibai suka rubuta a littafi.

Muhsina ta danna tsinken a babban yatsa. Kibiya ta nuna talatin. Ta ƙara ƙarfi, ta kai saba'in. Ta ƙara dannawa har tsinken ya lanƙwasa kaɗan, dattijon ko gezau, yana kallon fanka.

"Dokta, yatsan da tauri."

"Kaushi ne. Shekara nawa yana taka kulocin mota? Matsa ki ga aiki."

Ya naɗe hannun farar rigarsa ya durƙusa. Wayoyi goma sha uku suka tashi sama suna ɗaukar bidiyo. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowanne kibiya ta zo ta tsaya cak a hamsin, kamar wadda aka yi wa tarbiyya. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Kun gani? Jini yana gudu, jijiyoyi a farke. Ƙafar ɗan shekara ashirin ce wannan. Da asibiti ya je, da yanzu sun ƙaƙaba masa cuta."

Aka ɓarke da tafi. Muhsina ta ji kunyar shakkar da ta yi. Ta ciro wayarta ta kira Inna, don ta ce mata kada ta yi allurar yamma.

"Dokta, ka tabbata?" in ji dattijon.

"Baba, na'ura ba ta ƙarya."

"Haka ka ce mini bara, a kan kujerar nan, da na zo da ɗan gyambo a diddige. Ka ce ba ni da suga, in watsar da maganin asibiti."

Tafin ya mutu. A kunnen Muhsina wayar tana ta ringi. Malam Abdulsalami ya naɗe wandonsa har gwiwa, ya kwance wani maɗauri, ya zare ƙafar gaba ɗaya da safarta, ya miƙa wa Dokta.

"Waccan da ka auna bara an yanke ta. Wannan ta roba ce."